Akwatin da Ba Ya Numfashi

Litinin, 5 ga Agusta 1974, da hantsi

Sista Edith ce ta ba ni wannan littafin rubutu, haɗe da littattafan soyayya uku na Turanci. Ta ce tunda bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane, to in riƙa zuba wa takarda. Nas ce a asibiti, kuma matar Jonah, wanda yake yi wa Baba walda. Har na cinye littafi ɗaya. Wani likita ne mai tabo a gira, sai a shafi na ɗari da tamanin ya iya cewa yana son yarinyar. Ni tun a shafi na tara na gano shi.

Ba ni da abin rubutawa. Gidanmu ba abin da ke faruwa sai ƙarar guduma.

To bari in rubuta aikina, don ni ma ina da aiki. Baba maƙeri ne, Malam Iliyasu mai ganga, duk Birnin Kudu ba wanda bai san shi ba. Gangar ajiye wake yake yi, mai murfin da iska ba ta shiga, sai ƙwarin ciki su mutu, wake ya kai baɗi lafiya. Daga Wurno, daga Kiyako, har Unguwar Ya ake kawo masa aiki. In ya gama ganga sai ya sa ɗan kasko da garwashi a ciki, ya barbaɗa turaren Inna na kajiji da hawi, ya rufe, ya kira ni. Ni kuma in bi bakin murfin da duk inda aka yi haɗi ina shinshinawa. In na ji ƙamshi in shata wurin da alli ya gyara. In ban ji ba in ce, "Ba ta numfashi, Baba." Tun ina 'yar shekara bakwai muke haka. Yakan ce wa mutane ido yana ƙarya, hancin Batulu ba ya yi.

Abin da na iya ke nan a duniya, sai karatu.

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Mun yi baƙo daga Kano. Farar Pijo, babbar riga, haƙorin Makka. Sunansa Alhaji Maikuɗi, ɗan kwangila ne. Na kai musu ruwa zaure zan juya, Baba ya ce in tsaya, akwai Turanci a jikin takarda.

Zane ne babba, sai da aka danne gefensa da guduma. Ɗaki ne na ƙarfe, ya fi mutum tsayi, faɗinsa bai wuce na banɗaki ba. Tagogi uku na gilashi. Bututu a sama. Ƙofa ɗaya mai roba zagaye da bakinta. Na karanta musu awon, inci kaza, ƙafa kaza.

Alhaji ya ce, "Malam, na fesa wa gyaɗar iri magani ne. A zuba buhuna, a rufe, a saki magani. Shi ya sa nake son wanda ko numfashin sauro ba zai fita ba. An ce duk ƙasar nan ba kamarka."

Baba ya ce, "Allah ne mai iyawa, ranka ya daɗe." Amma na ga ya gyara zama.

Kusurwar takardar ta sama, inda ake rubuta sunan abu, an yanke ta. Ba yagewa ta yi ba. Almakashi aka sa.

Laraba, 7 ga Agusta, da safe

Inna tana tankaɗe ta ce, "Wai duk masu waldar Kano mutuwa suka yi, da zai wanko ƙafa har nan?" Baba ya ce ita dai ba ta son a yabe shi. Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da azahar

An kawo ƙarafan a babbar mota. Ba a zaure aka sauke ba, can bayan gida aka kai, aka kewaye da zana. Sharaɗin Alhaji ne wai, kada 'yan kwangilar da suke takara da shi su ga samfurin.

A littafin Sista na biyu akwai ɗaki a kulle a gidan sama. Ashe wasiƙun matar mai gidan ta fari ne a ciki. A littafi duk abin da aka ɓoye, in an buɗe, abin tausayi ne.

Alhamis, 15 ga Agusta, bayan la'asar

Bango ya tashi. Jonah yana waƙar cocinsu yana walda, Baba yana ce masa, "Jonah, in za ka roƙi Allah ka roƙa, in za ka haɗa ƙarfe ka haɗa, kada ka ba ni rabi-rabi." Shi kuma ya ce, "Malam, ai naka Allah da nawa duk sun san wannan haɗin ya fi na jiya."

Akwai wani abu kuma da suke haɗawa a gefe. Ƙafa huɗu, wurin zama mai huji-huji kamar rariya, majingini, hannu biyu. Na ce wa Jonah kujerar wa ce? Ya ce ba kujera ba ce, mazaunin sikeli ne, haka Alhaji ya ce. Na ce sikeli yana jingina ne? Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni ya ce, "Batulu, mu ƙarfe muke haɗawa, ba labari ba."

An huda mata ramuka dogaye sirara. Ɗaya a kowane hannu, ɗaya a kowace ƙafar gaba, ɗaya a baya. Biyar.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta abin da ya faru.

Jiya aka rataya ƙofar. Yau da suka fita karyawa na shiga ciki. Laifina ne. Ina son in leƙa ta gilashin ne in ga ko zai yi kama da tagar jirgin ruwa, irin wadda yarinyar littafi na uku take tsayawa tana kallon teku. Filin bayan gidanmu a karkace yake, ƙofar kuma nauyi ne da ita. Ban ji tahowarta ba. Sai dai na ji duniya ta ɗauke.

Ba kukan kaza, ba dakan maƙwabta, ba komai. Na tura, ta ƙi. Na lalubi mariƙi. Na shafa daga sama har ƙasa. Sumul. Mariƙin a waje yake, a waje kawai.

Ban san tsawon lokacin ba. Inna ta ce bai kai a tafasa shayi ba. Sai ga fuskar Baba a gilashi. Bakinsa yana buɗewa yana rufewa, na san sunana yake kira, amma ban ji ko harafi ɗaya ba.

Da ya buɗe bai yi mini faɗa ba. Jonah ya yi wa, a kan bai sa dutse ya tokare ƙofar ba, faɗan da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Na ce, "Baba, in mai shigar da buhu yana ciki ta rufe fa?"

Ya ce, "Haka zanen yake."

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan azahar

Alhaji ya zo duba aiki. Ina bayan zana ina tsince shinkafa. Baba ya ce yana son ya ƙara mariƙi ta ciki, don tsaro, kyauta zai yi. Alhaji ya ce, "Malam, ko ƙusa ɗaya kada ka ƙara." Ya yi dariya bayan ya faɗa, amma dariyar a makare ta zo.

Sai ya ce, "'Yar nan taka mai Turanci, hutu bai ƙare ba?"

Litinin, 19 ga Agusta, da sassafe

Za a kai ni Gwaram wurin Gwaggo A'i, ƙanwar Baba. Wai ta daɗe tana nemana. Tun yaushe?

Talata, 20 ga Agusta, da yamma, Gwaram

Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muka sauka maza suka tura mota. Gwaggo ta tare ni da guɗa kamar amarya, ta ce, "Ga 'yar boko, ga kurman gidan Yaya! Zo in duba ko harshen ya tsiro." Ta cika ni da dafaffiyar masara. Gero ya yi kai har ya rufe hanyar rafi. Da a wata shekarar ce da na ji daɗi.

Na manta littafi na uku a gida. Ko kuma da gangan na bar shi, ban sani ba.

Laraba, 21 ga Agusta, da hantsi

Mijin Gwaggo, Baba Sabo, baduku ne. A ƙofar ɗakinsa yake aiki, layu da kube da linzami. Na zauna ina miƙa masa zare. Sai na ga wasu maɗaurai a rataye, na fatar sa mai kauri, kowanne da ƙarfen ɗaurewa irin na bel ɗin soja. Ya yi musu shafi da fatar akuya mai laushi ta ciki.

Na ce na doki ne?

Ya ce, "Wane doki! Na asibiti ne, 'yata. Kujerar masu taɓin hankali, in ciwon ya motsa a ɗaure su kada su ji wa kansu. Shi ya sa na sa musu laushi, bayin Allah." Ya ɗaura ɗaya a wuyan hannunsa ya nuna mini yadda yake kamawa. Ya ce wani Alhaji ne daga Kano ya ba shi aikin, mai farar mota, mai haƙorin Makka. Ya ce kujerar a Bauchi ake ƙera ta.

Na ƙirga. Huɗu gajeru, ɗaya dogo.

Na ce, "Baba Sabo, faɗin kowanne inci nawa ne?"

Gwaggo ta leƙo daga madafa ta ce, "La ilaha! Yau kurma ta yi magana, kuma da inci ta fara. Ke ko miji kike so a ɗaure miki kada ya gudu? Sabo, yi mata guda biyu, na hannu da na ƙafa!"

Suka yi ta dariya. Inci biyu ne. Ramukan kujerar bayan gidanmu ma inci biyu ne, ni na karanta wa Baba awon da bakina.

Laraba, bayan la'asar

A Birnin Kudu gyaɗa. A Gwaram mahaukata. Kujerar da ke bayan gidanmu kuma wai tana Bauchi.

Alhamis, 22 ga Agusta, da azahar

Wataƙila Alhazai masu haƙorin Makka suna da yawa. Wataƙila farar Pijo ta cika Kano. Wataƙila karatun littattafan nan ne ya lalata mini kai, kamar yadda Inna take faɗa.

Shin Baba ya sani? Shi ya ce a kawo ni nan, ko cewa aka yi ya kawo ni? In ya sani, da bai nemi ƙara mariƙi ba. In bai sani ba, me ya sa ya yi wa Jonah irin wannan faɗa ranar Asabar?

Gwaggo ma na fara kallonta. Dariyarta ta yi yawa.

Asabar, 24 ga Agusta, da yamma, gida

Na ce cikina yana ciwo, sai an kai ni wurin Sista Edith. Ƙarya ce. Ita ce ta farko da na yi wa babba, kuma ba ta yi wuya ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Na je gidan Sista bayan sun taso daga coci. Jonah ba ya nan. Ta ce ina ciwon? Na ɗauki fensir na zana mata ɗakin, da tagogin, da bututun, da kujerar. Sannan na zana maɗaurai biyar a inda suka dace.

Ta dubi zanen. Ta tashi ta rufe ƙofa. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, tsofaffin mujallun Amirka ne da wani likita Bature ya bari, tana naɗe kwalabe da su. Ta yi ta buɗawa har ta samu.

Sau ɗaya zan rubuta, ba zan sake ba. Hoton wani ɗaki ne a kurkukun can ƙasar. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa ake zaunarwa a ɗaure, a rufe, a saki iska mai guba. Tagogin na masu shaida ne. Robar ƙofar kuma don kada gubar ta fito ta taɓa su.

Nasu ya fi namu kyau da fenti. Ban da wannan, kamar an tsaga kara.

Sista ta ce, "Batulu, a ƙasar nan ba a yin haka. Ban taɓa ji ba. Kama ce kawai, wataƙila." Sai kuma ta ce, "Amma 'yan kwangilar yanzu, tunda kuɗin mai ya zo, in sun ga abu a takardar Turawa sai su ƙera, su je su ce wa manya ga na zamani." Sai kuma ta ce, "Ban nuna miki komai ba, kin ji ko? Mu baƙi ne a garin nan."

Na ce Jonah ya sani? Ta ce kwana uku ke nan ba ya waƙa.

Da ta juya na yage shafin na sa a zanina.

Litinin, 26 ga Agusta, da safe

Na san masu fashi, waɗanda ake yanke wa hukuncin kisa yanzu, mugaye ne. Na ji a rediyo abin da suka yi wa mutane a hanyar Jos. Ba cewa nake a sake su ba. Ni dai na tsaya a cikin abin, na ga bakin Baba yana motsi.

A littattafan Sista ko mugun yana da wata mai jiransa. To ita a wace taga za ta tsaya?

Talata, 27 ga Agusta, bayan azahar

Ba zan iya faɗa masa da baki ba. Na gwada sau uku, sai in ji na ce, "Baba, a kawo ruwa?"

Da zan kai masa tuwon rana na ninke shafin na sa a ƙarƙashin faifan da aka rufe kwano. Na koma ɗaki na zauna. Da na je ɗauko kwanukan, ya cinye tuwon, takardar ba ta nan.

Bai kira ni ba. Inna ce ta fara shiga zauren kafin ni, kuma ko jiya da la'asar na ga ta hura wuta da wata takarda. Ita duk takarda ta hura wuta ce.

Laraba, 28 ga Agusta

Bai ce komai ba. Ban ce komai ba.

Alhamis, 29 ga Agusta, da yamma

Alhaji ya zo da wani mutum. Riga 'yar shara ce a jikinsa kamar kowa, amma wandon kaki ne, takalmin kuma baƙi mai sheƙi. Bai gaida Baba ba sai da Baba ya gaishe shi. Alhaji bai faɗi sunansa ba, "Oga" kawai yake ce masa.

Mutumin bai dubi inda za a jera buhuna ba. Waje ya zagaya, ya tsaya a kowace taga, ya ja da baya, ya matso. Ya ce, "Mutum nawa za su iya gani a lokaci ɗaya?"

Alhaji ya ce, "Malaman gona yake nufi, Malam."

Mutumin ya ce, "Ai zamanin tara jama'a a fili ana ɗaure mutum a jikin durom ya kusa wucewa. Ƙasa ta samu arziki, komai sai a yi shi cikin tsabta." Harbin masu fashi a bainar jama'a yake nufi. Alhaji ya yi tari mai ƙarfi ya ce ana maganar yadda ake shanya gyaɗa ne.

Baba yana riƙe da guduma. Ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

An sa ranar gwaji, jibi Asabar. Alhaji ya ce ya ji labarin hancina tun daga Kano. In na ce ba ya numfashi, a ranar mota za ta ɗauka.

Juma'a, 30 ga Agusta, da hantsi

To ga yadda abin yake. In na ce ba ya numfashi, ni na buɗe masa hanya, da hancina, da turaren uwata. In na ce yana numfashi alhali ba ya yi, na zubar da sunan Baba a gaban mutane, sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa, kuma na yi ƙarya a abu ɗaya tak da aka yarda da ni a kansa.

In kuma ɗakin na fesa wa gyaɗa magani ne da gaske fa?

Ina roƙon Allah ya sa a samu ɗan huji na gaskiya. Ban taɓa roƙon aikin Baba ya ɓaci ba sai yau.

Asabar, 31 ga Agusta, bayan la'asar

An janye zanar gefe ɗaya don mota ta samu shiga, don haka mutane suka gani. Akwai wasu manoma uku daga Wurno da suka kawo ganguna gyara, da maƙwabta. Baba da kansa ya shigar da kasko, ya zuba turare har ninki uku na yadda ya saba, ya fito, ya ja ƙofa, ya murɗa mariƙin. Ta gilashi ana ganin hayaƙi yana murɗawa, fari fat, har kujerar ta ɓace.

Ya miƙo mini alli. Bai dube ni ba.

Na fara daga ƙasan ƙofa. Na bi robar har sama, Jonah ya riƙe mini benci na hau. Na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Na bi gindin bututun, wanda aka toshe bakinsa. Na bi kowane layin walda. Warin ƙarfe, warin roba, warin ƙasar da ruwa ya daka. Sau uku na zagaya.

Babu. Ko ɗigo. Tunda nake ban taɓa shinshina aiki irin wannan ba.

Alhaji ya ce, "To, 'yan mata?"

Na ga hannuna ya tashi ya ja layi a gefen ƙofa, wajen sama. Na ji wata murya ta ce, "Yana numfashi. Nan."

Alhaji ya matso ya kafa hancinsa a kan allin har ya shafi farin. Ya ce, "Ni ban ji komai ba." Mai baƙin takalmi ya gwada, ya ce shi ma. Ɗaya daga cikin mutanen Wurno ya ce, "Alhaji, ai hancin da ya sha turaren Makka ba zai ji na Birnin Kudu ba." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Baba ya zo ya tsaya a wurin. Ya daɗe. Ina kallon ƙeyarsa. Sannan ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta ce yana numfashi, yana numfashi."

Alhaji ya ce, "Malam, yarinya za ta tsayar mini da mota?"

Baba ya ce, "Ba ya fita daga gidana da numfashi."

Haƙorin Makkan ya ɓuya. Ya ce ranar Talata zai dawo da injiniya mai agogon awon iska, wanda ba ya jin ƙamshi, ba ya jin kunya. Ya ce, "In agogo ya ce numfashi ba ya fita, gari ya san 'yarka maƙaryaciya ce, in ɗauki kayana. In ya ce yana fita, gari ya san kai ba maƙeri ba ne. Zaɓi wanda za ka ji."

Lahadi, 1 ga Satumba

Ba wanda ya yi mini magana. Inna ta ba ni tuwo ta ɗora nama biyu a kai. Ban san me take nufi ba.

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

Bayan an idar da sallar asuba gari ya waye sosai, Baba ya kira ni bayan gida. Ya mayar da zanar. Jonah yana zaune a kan bulo, kansa a ƙasa. An riga an sa turare an rufe.

Baba ya ce, "Yanzu ba Alhaji, ba 'yan kallo. Shinshina."

Ban ko matsa ba. Na ce, "Ba ya numfashi, Baba."

"Ko ta wajen allin?"

"Ko ta nan. Ko ta ko'ina."

Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba. Sai ya ɗora tafinsa a kan layin walda ya shafa tun daga sama har ƙasa, a hankali, kamar yadda yake shafa kan ɗan akuya. Ya ce, "Jonah, ka ji?" Jonah ya ce, "Na ji, Malam." Ya ce, "Shekara talatin ina neman in yi abu ɗaya da ba shi da aibu ko na ƙwayar gero. Ashe wannan ne."

Na ce, "Baba, ka ga takardar?"

Ya ce, "Matsa baya, wuta za a kunna."

Ya buɗe ƙofar, hayaƙin ya fito ya lulluɓe mu. Ya ɓare robar gefen sama. Ya karɓi bututun wuta daga hannun Jonah, shi da bai cika taɓa shi ba, ya kafa harshen wutar a jikin ƙarfen da ƙofar take zama a kai, daidai layin allina. Ya riƙe har ƙarfen ya yi ja kamar gauta. Sannan ya ce Jonah ya watsa ruwa. Ƙarfen ya yi ƙara irin ta abu mai rai. Suka sake, sau uku, wuri uku. Jonah ya gaya mini daga baya cewa ƙarfen da aka yi wa haka ya karkace ke nan, ko wa aka kai wa ba zai zauna daidai ba, sai dai a sake sabo. Da ido ba a gani.

Suka mayar da robar, suka goge baƙin, suka sa sabon garwashi da turare, suka rufe.

Tun daga inda nake tsaye na ji kajijin Inna.

Baba ya ce, "To?"

Na ce, "Yana numfashi."

Ya ce, "Haka za ki faɗa gobe. Kuma ki ɗaga kanki in kina faɗa."

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Injiniyan ya zo da agogonsa. Allurar ta sauka tun kafin ya gama gyara tsayuwa. Ya sake, ta sake sauka. Ya ce aikin ƙauye ne.

Abin da Alhaji ya faɗa wa Baba a gaban jama'a ba zan rubuta ba. Baba yana tsaye yana cewa, "Haka ne, ranka ya daɗe. Na gaza." Mutanen Wurno suna nan. Biyu sun ɗaura gangunansu a keke ba a gyara ba, sun ce za su dawo wani lokaci. Na ukun ya tsaya yana sosa kai, sannan ya bi su.

Har yanzu ba wanda ya ce mini ga abin da aka so yi da shi. In ɗakin na gyaɗa ne da gaske, to na kashe wa ubana suna a banza, kuma ya taya ni.

Sun bar ɗakin a bayan gida, sun ce mu sayar wa masu gwangwan. Zanen kuwa, Alhaji ya naɗe ya sa a aljihu. Da za su tashi, mai baƙin takalmi ya yi wa direba nuni da haɓa.

Kujerar kuwa sun tafi da ita.